Ɗigo Ɗaya Daga Randar Hajiya Asabe

Ranar da Hajiya Asabe ta zo karɓe kayan na-gani-ina-so na ɗanta, ko takalmi ba ta cire a bakin tabarma ba.

"Lale, lale, maraba da Hajiya," in ji Inna Jummai, matar gidan, tana ta kakkaɓe wurin zama. "Magajiya! Kawo wa baƙuwa ruwa."

Magajiya ta fito da kwanon sha, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Hajiya ta karɓa, ta kai hanci. Sai ta yamutsa fuska.

"Shi ne wannan?"

"Na'am, Hajiya?"

"Ruwan da ake dafa wa yaron nan. Ga ƙaurin hayaƙi nan ina ji." Ta karkata kwanon, ta tsiyaye shi a ƙasa har ɗigon ƙarshe. "Ni dai tun da uwata ta haife ni, mutum biyu na san ana dafa wa ruwa, mai jego da gawa. Baƙo kuwa ban taɓa ji ba, sai a gidan Malam Garba kafinta."

Inna Jummai ta dafe ƙirji. A Rigasa kaf, baƙon da ya zubar da ruwan gida ya zubar da mutuncin gidan ne.

Yaron da Hajiya take nufi shi ne Inuwa, ɗanta na fari, wanda ba ta faɗin sunansa. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na gidan ruwa da ke bakin kogin Kaduna wajen Malali. Shi da Magajiya sun daɗe da daidaitawa, manya sun shiga maganar, an kawo kaya. Sai abu biyu suka faɗo a tsakani. Na farko, Magajiya ta sami gurbi a jami'ar Zariya, a sabon sashen injiniyancin sinadarai, ta kuma ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta je. Na biyu, tun da Inuwa ya tashi daga wani zazzaɓin ciki da ya kusa kai shi kabari, ya daina shan ruwan randar uwarsa. Da gorarsa yake dawowa daga aiki.

"Ɗan da na goya," in ji Hajiya, "ya dubi randata ya kau da kai. Randar da nake wankewa da hannuna, in sa mata alif, ruwa ya kwanta garau kamar idon zakara! Wace uwa ce za a yi wa haka ta ce banza ne? An dafa masa abu ya sha. Yanzu kuma za a tafi Zariya a ƙaro ilmin haɗe-haɗen, a zauna cikin maza ana aikin maza. To na gaya masa, in ya aure ta ban yafe nonona ba."

Kamata ya yi Magajiya ta tashi ta shige ɗaki. Haka kowace 'yar mutunci take yi a gaban uwar saurayinta. Ba ta tashi ba.

"Hajiya, ni na roƙe shi ya daina sha."

"Ke!" in ji Inna Jummai. "Rufe min baki!"

"Bar ta, Jummai. Ai gara ta faɗa da bakinta."

"Ba asiri ba ne," in ji Magajiya, idonta a kan na Hajiya. "In kuwa asiri ne, ki zo ki ga inda ake haɗa shi. Ki ɗebo ruwan randarki da hannunki, ki riƙe abinki, kada kowa ya taɓa. A duba shi a wurin aikinsa, a gabanki. In ba ki ga komai a ciki ba, na haƙura da shi har abada. Ni da kaina zan ɗauko kayan nan a ka in kai miki gida."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Zariyar fa?"

"Zariya ba ta cikin wannan magana. Ita kam zan je."

"Kin ji ko, Jummai? Kin ji abin da kika haifa?" Ta gyara mayafi. "To na yarda. Ranar Laraba. Ki tanadi gammo."

Da Malam Garba ya dawo daga wurin aikinsa, hular nan duk garin katako, ya ji labari, bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya daɗe yana kallon 'yarsa.

"Magajiya, me ya kai ki? Ga Alhaji Audu mai motoci ya sake turo min mutane. Ya ce ki yi karatunki, shi zai riƙa kai ki Zariya da kansa, ya ɗauko ki. Ban ce dole ba, ni ba na yi wa kowa dole. Amma ga ƙofa a buɗe, kina ta buga kai a bango."

"Baba, Alhaji Audu so yake a ce matarsa injiniya ce, kamar yadda yake so a ce motarsa sabuwa ce. Ko sau ɗaya bai tambaye ni me ake koya a can ba."

"To ni na tambaye ki. Me ake koya?"

Fuskarta ta sake, kamar an ɗaga labule.

"Baba, ka ga Inna tana haɗa toka da man kaɗe ta yi sabulu a tukunya ɗaya? Can za a koya mana yadda ake yi wa ƙasa guda sabulu. Ka ga baƙin man da za a turo ta bututu tun daga kudu zuwa matatar da ake ginawa a ƙetaren kogi? A ciki kananzir yake, da fetur, da kwaltar titi, duk a cakuɗe, sai an san yadda ake raba su da wuta. Takin zamani, rinin atamfa, sukari, maganin asibiti, duk mutum ne yake tsayawa ya ce a zuba kaza, a dafa zuwa kaza. Allah ya ɓoye abubuwa cikin abubuwa, Baba. Ni so nake in ga yadda ya ɓoye su."

Malam Garba ya girgiza kai, yana murmushin da bai shirya ba.

"Allah ya sa ki gani. Amma ki sani, wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a sakar masa ƙota."

Bayan la'asar Inuwa ya zo. A zaure ya tsaya, bai ko jingine kekensa da kyau ba, ya faɗi ya bar shi a ƙasa.

"Magajiya, kin kashe mu."

"Sannu da zuwa dai tukuna."

"Wace sannu? Kin san abin da kika yi? Hajiya tana sa alif. Alif yana janye komai ya kai gindin randa. Ba kowane ɗigo ake ganin abu a ciki ba. Sau nawa nake duba ruwan rijiya in ga wayam, alhali na san da cuta a ciki? In aka ɗiga aka ga babu fa?"

Magajiya ta sunkuyar da kai. Ta san haka. A gaban Hajiya zuciya ce ta riga hankali.

"In babu, na riga na yi alkawari."

"Alkawari!" Idonsa ya kawo ruwa. "Ni aka sa a faranti, ba a ko tambaye ni ba. Me zai hana ki ce kin fasa Zariyar? Ki yi malanta, ki yi aikin jinya, wallahi da ta sauko. In koma shan ruwanta, in ciwo ne ya kashe ni, na yarda."

"Ni ban yarda ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Inuwa, wa ya fara nuna min gidan ruwa? Lokacin da makarantarmu ta zo ziyara, wa ya ɗebo jan ruwan kogi a kofi, ya ɗebo na famfo a wani, ya ce mana duk abu ɗaya ne, ilmi ne kawai a tsakaninsu? Ranar ban iya cin abinci ba. Kai ka kunna wutar nan, yanzu kuma ka ce in hura ta mutu?"

"Ban san za ta ƙone ni ba."

"In na bar karatun nan saboda kai, zan zauna a ɗakinka ina kallonka kullum a matsayin wanda ya rufe min ido. Ba na so in tsane ka. Gara in rasa ka ina sonka."

Ya juya mata baya, kafaɗunsa na motsi. Da ƙyar ya ce, "Zan nemi izini wurin babban injiniya." Ya ɗaga kekensa ya fita yana turawa.

Laraba da hantsi tasi ta sauke su a ƙofar gidan ruwa. Hajiya ce a gaba, ta ƙulle kwalbar ruwanta a gefen zane, hannunta a kai. Inuwa na biye da ita, Magajiya a baya.

Damina ta yi nisa, kogin Kaduna ya cika ya batse, ja wur kamar kunun kanwa. Wasu manyan bututu, waɗanda mutum zai iya rarrafawa a cikinsu, sun tsoma baki a ruwan suna zuƙa. Ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa saboda rurin injuna.

Hajiya ta tsaya.

"Wannan jan abin mutanen Unguwar Rimi suke sha?"

"Shi ne, Hajiya," in ji Inuwa. "Mu ƙarasa ki gani."

Suka hau wata siririyar gada ta ƙarfe. A ƙarƙashinsu ga tafkunan siminti a jere, kowanne ya fi filin gidan Malam Garba. A na farko ruwan yana juyawa, ja. A na gaba ya fara yin gudaji-gudaji kamar nono ya tsinke, gudajin suna nutsewa a hankali. A na can gaba kuwa har ana hango ƙasan tafkin, hasken rana yana wasa a ciki.

Sau da yawa Magajiya ta ga wannan wuri a mafarki, amma yau ma tsigar jikinta sai da ta tashi. Kogi guda ya shigo da laka da dattinsa, ya fita fes, ba dare ba rana, ba a kuma taɓa jin ya gaji ba.

Wani lebura ya wuce da buhu a kafaɗa, wani farin dutse ya faɗo. Hajiya ta sunkuya ta ɗauka, ta ɗan lasa.

"Kai! Wannan ai alif ne."

"Shi ne," in ji Magajiya. "Naki ne, Hajiya. Abin da kike yi wa randa ɗaya, shi ake yi wa gari. Sai dai a nan dole a auna. In ya yi kaɗan ruwa ba zai kwanta ba, in ya yi yawa ya ɓata cikin mutane. Kogin kuma kullum da irin fuskar da yake tashi da ita. Wanda yake lissafin nan Ba'indiye ne, daga ƙasarsu aka ɗauko shi. Aikin da zan koyo ke nan."

Hajiya ta juya dutsen a tafin hannunta.

"A ɗauko namiji tun daga Indiya don ya sa alif a ruwa," ta ce a hankali. Sai ta tuna da fushinta, ta jefar. "Ba yawon buɗe ido na zo ba. Ina wurin?"

Ɗakin gwajin ƙarami ne, fari, yana warin magani. A kan tebur ga wani madubi mai lanƙwasasshen wuya kamar zalɓe, irin wanda yake girmama abin da ido ba ya gani. Hajiya ta kwance kwalbarta. Ruwan garau, ko ƙura babu.

Inuwa ya tsoma wani tsinke a kwalbar, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi. Ya sa ido, ya murɗa, ya matsar, ya sake murɗawa. Ya daɗe. Da ya ɗago, Magajiya ba ta bukaci ya yi magana ba.

Hajiya ta leƙa ita ma.

"Farin wata kawai nake gani. Ke, zo ki duba da kanki, kada a ce an cuce ki."

Magajiya ta duba. Fari fat. Babu komai.

Ta ɗago daga madubin. Ta miƙe tsaye sosai. Ba za ta yi kuka a nan ba. Ta yi wa kanta wannan alkawarin tun a mota.

"Na gani, Hajiya. Gobe da safe zan kawo kayan."

"Magajiya," in ji Inuwa.

"Magana ɗaya ce. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta nufi ƙofa. Har ta kama mariƙi.

"Dakata."

Hajiya tana riƙe da kwalbar, ta ɗaga ta wajen taga.

"Ni 'yar kasuwa ce. Atamfa nake sayarwa tun kafin a haife ki. Ban taɓa sayen turmi don na ga bakinsa ba, sai an warware min har ƙarshe, don a can ƙarshe ake ɓoye zanen da ya yi tabo. Wannan yaron ta sama ya ɗiba. Ba zan ci nasarar da gobe za a ce da saura ba." Ta girgiza kwalbar da ƙarfi. "Ba ni tsinken nan. Da hannuna zan ɗiga."

Ta ɗiga. Inuwa ya daidaita mata madubin, bai ko duba ba, ya ja da baya. Hajiya ta sunkuya.

Ta sa ido, ta leƙa.

Sai ta yi baya da sauri har mayafinta ya zame.

"Innalillahi! Wani abu ya gifta!"

Ta dubi ɗan gilashin. Ɗigo ne kawai, bai kai ƙwayar gero ba. Ta dubi ƙarƙashin teburin. Ta sake mai da ido, a hankali wannan karon, kamar mai leƙa rijiya.

"Ga shi nan. Kamar takalmi, da gashi a jikinsa. Yana iyo. Ga wani. La'ilaha illallahu, ga wani yana juyi kamar ɗan bori! Suna da yawa. Suna kaucewa juna, wallahi sun san hanya." Muryarta ta koma raɗa. "A cikin ɗigo ɗaya. Gari guda a cikin ɗigo ɗaya. Wa yake ciyar da su?"

"Wanda yake ciyar da mu," in ji Magajiya.

"Tsarki ya tabbata gare Shi. Tsarki ya tabbata gare Shi."

Ta daɗe a sunkuye. Magajiya ta ga wani ɗigon ya sauka a kan tebur kusa da madubin, ba daga kwalba ba.

"Shekarar amai da gudawa," in ji Hajiya, ba ta ɗago ba, "ƙanen wannan, Husaini, da safe yana wasa, kafin magariba an binne shi. Yana ta cewa ƙishirwa, ina ta ba shi. Mai kyau nake ba shi, wanda ya kwanta." Ta ɗago, ta dubi Magajiya. "Waɗannan ne?"

Da Magajiya ta ce e, da magana ta ƙare a nan. Ta san haka.

"Ban sani ba, Hajiya. Waɗannan da kika gani, da yawansu ba sa cutarwa. Mai kawo wancan ciwon ya fi su ƙanƙanta nesa, ko a madubin nan da ƙyar ake kama shi. Abin da na sani, inda waɗannan suka rayu, shi ma zai iya rayuwa. Alif yana kwantar da laka, ba ya kashe su. Ba ke kaɗai ba ce, duk Rigasa abin da muka sani ke nan. Kwanansa ne ya ƙare. Allah ya jiƙansa."

"Amin." Hajiya ta share fuska da bakin mayafi. "Me yake kashe su?"

"A gida, wuta. A nan kuwa wani sinadari ne, kulorin. Guba ne, in ya yi yawa sai ya halaka mutum. Amma in an san awonsa, ɗan kaɗan ya isa ya tsare dubban gidaje, ba wanda zai ko san an tsare shi."

"Gubar da take rayarwa."

"In an san awonta."

Hajiya ta taka zuwa taga. Daga nan ana ganin tafkunan, da kogin, da babban bututun da ya nufi cikin gari.

"Wannan yana zuwa Rigasa?"

"Bai kai ba tukuna," in ji Inuwa.

"Sai yaushe?"

"Sai an faɗaɗa wurin. Sai an sami masu aikin."

Ta juyo. Idonta ja, amma fuskar ta koma irin ta kasuwa, wadda ba a yi mata ragi.

"Kai, jeka waje."

Inuwa ya fita, yana waiwaye.

"Ke kuma matso. Kada ki ɗauka son ki nake yi. Bakinki ya yi yawa, kina kallon manya cikin ido, ruwanki kuma ƙaurin hayaƙi yake yi, ko tukunyar kirki ba ki iya zaɓa ba. Ɗazu da kin so, da kin yi min ƙarya kin tafi da shi. Na lura." Ta ja numfashi. "An ce mai motoci yana zarya a gidanku."

"Yana turowa."

"Ya tura wani wurin. Maganar nono na janye ta, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Za a ɗaura kafin ki tafi, don kada wani ɗan Zariya ya ga kamar ba ki da mai shi. Ni zan raka ki har ɗakin kwanan, in ga matan da za ki zauna da su. Wanda ya ce surukata tana aikin maza, ya zo ya same ni a rumfa, in tambaye shi tun yaushe sa alif a ruwa ya zama aikin maza."

Magajiya za ta yi godiya, Hajiya ta ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Sharaɗi ɗaya ne, in kin karya shi ni da ke ne har gaban Allah. Ranar da aka ba ki takardar gama karatun nan, za su kira ki matatar mai, za su kira ki Ikko, za su nuna miki gida da mota. Ba inda za ki. Sai bututun can ya shiga Rigasa, na murɗa famfo a tsakar gidana da hannuna. Kin ɗauka?"

"Hajiya, abin zai iya ɗaukar shekaru."

"Na tambaye ki shekaru? Kin ɗauka ko ba ki ɗauka ba?"

Can waje injuna suna ta ruri, kogi yana shiga ja yana fita fari. Magajiya ta durƙusa har ƙasa. Kukan da ta hana kanta ya ƙwace, ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf.

"Na ɗauka, Inna."

"To tashi, kada ki jiƙa wa mutane ɗaki," in ji Hajiya Asabe. Ta koma wurin madubin, ta gyara tsayuwa, ta sunkuya. "Kira min yaron nan ya zo ya murɗa min. Mai kama da takalmin ya ɓace, ban gama kallonsa ba."